Kiyashi a Ludayin Nono

A zamanin da na tashi, a rugarmu da ke gefen Gwiwa, ba a kai ciwon nono asibiti, ba a ma faɗarsa da baki. Idan nonon mai jego ya yi tauri, sai dai a ga tana ɗaukar ƙwarya da hannu ɗaya, ɗayan yana kare ƙirjinta. Tsofaffi su lura, su ja ta bayan ɗaki, su yi mata abin da suka gada. Wata ta warke, wata nonon ya fashe ya bar mata tabo, wata kuma a ce daji ne, kowa ya yi shiru. Yanzu kuwa yarinya tana jin ɗan tsira a ƙirji za ta ɗauko waya ta bincika kafin ta tambayi uwarta. Na ga zamanin nan biyu, kuma na daɗe ina ɗauka namu ne ya fi hankali.

Ba don ban ga duniya ba ne. Marigayi maigidana fataucin dabbobi ya yi, kuma ba ya son barin iyali a baya. Na zauna da shi a Damagaram, na zauna a Kumasi, na yi shekaru a Sudan, daga baya muka yi zaman Jidda. A bakin murhu da bakin famfo na tsinci Larabci da Zabarmanci da ɗan abin da zan yi ciniki da shi a kasuwar Asante, ban da Fulatanci da Hausa da na tashi da su. Duk inda na je ina kallon yadda mata suke da jikinsu. A Kumasi mace za ta ciro nono a tsakiyar kasuwa tana ba ɗa, tana auna wa mai saye gari, ba wanda zai ɗaga kai. A Jidda na ga maƙwabciyata ta sa ganyen kabeji mai sanyi a cikin rigar mamanta don kumburi, na koma ɗaki na yi ta dariya. Ina kallo ne kawai, ina cewa kowa da nasu. Da muka dawo muka zauna a Roni, da al'adunmu na gida na dawo.

Jikata ce ta sa nake wannan rubutu. Ni na riƙe ta tun tana 'yar shekara tara, lokacin da uwarta, wato 'yata ta biyu, ta rasu. Ciwon mama ne ya tafi da ita. Ta daɗe da wani ƙullutu a nononta na dama ba ta faɗa wa kowa ba, saboda ba ya mata zafi. Ranar da ta buɗe mini na gani, fatar wurin ta riga ta canja, likitoci kuma suka ce an makara. Yarinyar tana gidan, ta ga komai, har warin ɗakin ta sani. Ba mu taɓa zama mun yi maganar ba, ni da ita.

Ta girma, ta yi karatunta, ta auri wani malamin makaranta a Babura. Da cikinta ya tsufa aka kawo mini ita goyon ciki, ta haifi ɗa namiji a tsakiyar damina. Ɗan fari ne, kuma a gidanmu kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da kukansa. Ni na koya mata haka, ta kuma koya da kyau. Tun daga ranar haihuwa har bayan suna gidan bai rabu da 'yan barka ba, dangin mijin suna ta zuwa daga Babura mota-mota. Muddin akwai baƙo a ɗaki ba za ta ba yaron nono ba. Zai yi ta kuka ana miƙa shi daga hannu zuwa hannu, ita kuma kanta a sunkuye. Sai an watse ta juya wa ƙofa baya, ta ba shi a gurguje, ta ji sallama ta cire shi. Ga kuma wata sabuwar rigar mama da ta zo a cikin kayan barka, mai ƙarfe a ƙasa, ta matse ta kamar an ɗaure buhu, amma ita take sawa saboda hotuna.

Ina jin matan Babura suna cewa, "Kai, Hajiya, kin iya tarbiyya. Ko kallonsa ba ta yi." Ni kuma ina jin daɗi.

Kwana goma sha biyu da haihuwa, da safe, ina yi mata wankan jego a bayan gida. Na tsoma ganyen darbejiya a ruwan zafi na kai mata a kafaɗa, ganyen ya sauko ta gefen hagu. Ta yi wata ƙara da ban taɓa jin ta yi ba, ko a naƙuda.

Na ce, "Ke, raguwa, ruwan ne yau kika fara ji?"

Ta rufe ƙirjinta da hannu biyu. Na janye hannun da ƙarfi na duba. Gefen nonon hagu, wajen hammata, ya yi ja, yana sheƙi. Na taɓa na ji wani abu mai tauri kamar ƙwan kaza, da zafi kamar an ɗauko shi daga toka.

"Tun yaushe?"

"Kwana uku."

"Kwana uku, muna ɗaki ɗaya, kina kallona ina kallonki?"

Ta ɗaga ido ta ce, "Hajiya, irin na Ummana ne ko?"

Ganyen ya faɗi daga hannuna. Na ce mata ta daina zancen banza, na ce ƙaiƙayi ne kawai irin na masu jego, na gama mata wankan ina ta surutu a kan tsadar itace. Sannan na shiga ɗaki ni kaɗai. Na zauna a bakin gado. Na riga na binne uwar. Ga 'yar, ga jariri ko arba'in bai yi ba.

Akwai wata tsohuwar ungozoma a bayan layinmu, ƙawata ce tun muna amare. Rabin unguwar a hannunta suka faɗo. Na leƙa ta katanga na kira ta. Ta zo tana tauna goro, ta duba, ta matsa, yarinyar tana cije leɓe.

Ta ce, "Kawo ludayi. Mu ji ta bakin nonon tukuna."

Na san abin da za ta yi, don haka aka yi mini, haka aka yi wa uwata. Ana tatsa nonon a ludayi, a kamo kiyashi a jefa a ciki. Idan ya yi iyo ya fita, nono lafiyayye ne. Idan ya mutu, nono ya ɓaci, kuma duk yaron da ya sha zai yi ta zawo har ya lalace. Da ƙyar aka samu abin da ya rufe gindin ludayin, ya fito kauri-kauri, da ɗan rawaya. Ni da kaina na kamo kiyashin a jikin randa. Muka sunkuya mu uku muna kallo. Ya yi ta wutsil-wutsil, ya nufi gefe, ya zame, ya sake nufa, ya zame. Can sai ya daina motsi.

Ungozoma ta tofar da goro ta ce, "To, kin gani. Wannan ba na sha ba ne. Kada jaririn nan, angon naki, ya ƙara kusantar na hagu. A ɗaure shi ya ƙafe, a shafa kanwa."

A nan ne na yi abin da har yau nake jin nauyinsa. Na tuna wata Basudaniya da muka yi haya gida ɗaya da ita a Umdurman. Nononta ya taɓa yin irin wannan jan, na gan ta tana ba ɗanta tana hawaye, na ce ta bari mana, ta ce mini da Larabci, bar shi ya sha, shi ne zai buɗe hanyar. Kwana biyu ta warware. Na tuna da ita sarai a wannan safiyar. Amma ga kiyashi a mace a gabana, ga ƙawata da ta fi ni sanin haihuwa, ga jariri da nake tsoron a ce ni na ba shi guba. Na ce a raina wancan na Sudan ne. Na ɗauko wani tsohon ɗankwali na naɗe mata ƙirji ta gefen hagu, na ja, na ƙulle.

Kwana uku muka yi a haka. Ranar farko ta ce yana mata bugu kamar ana daka a ciki. Na ce alamar ƙafewa ce. Rana ta biyu, da azahar, ana zafin da ke zuwa kafin hadari, na same ta ta lulluɓa da bargo haƙoranta suna kaɗawa. Na dafa goshinta na janye hannu. Ta daina shan kunun kanwa, ta daina cin naman da ake gasa mata. Yaron kuma na dama kaɗai yake samu, ga uwar ba ta ci, sai ya tsotsa ya saki ya yi kuka, ya sake kamawa. Ina goya shi ina zagaya tsakar gida, ina leƙa ɗaki, ina dawowa. In na kwance ɗankwalin don in sake shafa kanwa, sai in ga jan ya ƙara faɗi, kaurin ya wuce ƙwan kaza ya kai lemo. Duk lokacin da na buɗe, fuskar 'yata nake gani ranar da ta buɗe mini nata. Na yi salla ban san raka'a nawa na yi ba.

Mijin yana bugo waya safe da yamma. Ita ba ta iya dogon magana, sai ta miƙo mini.

"Hajiya, ina kwana? Ya masu jego?"

"Lafiya lau. Ɗan zazzaɓi ne irin na jego."

Ta yaya zan buɗe baki in ce wa surukina nono? A Kumasi da na faɗa ba tare da na ji komai ba, da harshensu. Da Hausa, a gidana, kalmar ta ƙi fita.

A rana ta uku ungozoma ta dawo, ta taɓa wurin ta ce ya nuna, ya tara ruwa, a kira wanzami ya tsaga. Har ta ambaci wanda take ganin hannunsa ya fi sauƙi. Jikata tana kwance tana jinmu. Ta kamo bakin zanena ta ce, a hankali, "Hajiya, kada ki bari a yanka ni a gidan nan. Idan irin na Umma ne, gara a gaya mini." Na dubi aminiyata na ce ta ba ni zuwa la'asar. Ta ce, "Ke dai tun da kika sha ruwan ƙasashe kike da gardama," ta fita.

Ban ma kai ga buga masa waya ba sai ga mijin ya yi sallama, ya taho da kaji biyu a bayan babur. Muryar da ya ji da safe ce ba ta kwanta masa ba. Ya durƙusa a zaure yana gaishe ni, ni kuma na tsaya a kansa ina juya carbi. Na fara da cewa jikin nata ne. Ya ce wane wuri. Na ce wajen ƙirji. Ya ce tari take yi? Na rufe ido na ce, "Nononta ne ya kumbura, kwana shida ke nan. Kuma ka san abin da ya kashe uwarta."

Ya miƙe tsaye bai san ya miƙe ba. Ya ce, "Ranki ya daɗe, da kun faɗa mini tun ranar." Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya fita ya samo mota, muka kama hanyar Kazaure, ita a kwance a kafaɗata, yaron a cinyata. Duk ramin da motar ta faɗa sai ta yi nishi. Gero ya yi kore shar a gefen hanya, ina kallonsa ina tunanin ko za ta ga girbinsa.

Malamar asibitin da ta karɓe mu ba ta fi jikata da shekara biyar ba. Ta sa labule, ta ga ɗankwalin, ta dube ni.

"Mama, wa ya ɗaure wannan?"

"Ni ce."

"Yaushe rabon da ya sha wannan ɓangaren?"

Na gaya mata. Na gaya mata har da ludayi da kiyashi, don na ga ba amfanin ɓoyewa. Tana kwance ƙullin tana girgiza kai, amma ba ta ɗaga mini murya ba.

Ta ce, "Mama, ko a ruwan randarku kika jefa shi, ai mutuwa zai yi. Kiyashi ba kifi ba ne."

Jikata, da zazzaɓinta da komai, sai da ta yi 'yar dariya. Ni ban yi ba. Na ce, "'Yar nan, bar zancen kiyashi. Uwarta daji ne ya kashe ta, a nono. Ki gaya mini gaskiya."

Sai malamar ta daina murmushi. Ta ce ba za ta rantse mini ba sai likita ya duba an yi hoto, amma abin da take gani ya fi kama da nonon da ya taru ya toshe, ƙwayar cuta ta shiga. Ta tambayi jikata sau nawa take shayarwa a yini, ta ji labarin baƙi da juya wa ƙofa baya, ta ga shaidar da rigar mama ta bari a fatarta. Ta ce to ga shi nan. Nono idan ba a zuƙe shi ba taruwa yake, matsi kuma yana ƙara toshe shi. Da an bar yaron yana sha tun ranar farko, ana sa tsumma mai sanyi bayan ya gama, ta sha maganin rage zafi, ta huta, da wataƙila ko asibiti ba za a zo ba. Nonon ba ya cutar da yaro ko da ya yi kauri. Ɗaurin da na yi, da hana shi sha, su suka mai da shi ƙurji.

Aka ce mu jira hoto. Na zauna a benci da yaron, kusa da wata mata daga Yankwashi da ta ga ina share ido. Ta ce ita ma nono ne ya kawo ta, duk wata kafin al'ada sai sun yi mata nauyi suna ciwo, ta tsorata, aka duba aka ce ba komai, sauyin jiki ne, ta samu rigar mama daidai ita, ta riƙa gasawa da ruwan ɗumi. Ta ce ƙanwarta kuma da farkon ciki take yin haka. Tana ta ba ni labari don ta kwantar mini da hankali, ni kuwa ƙofar ɗakin hoton kawai nake kallo. Na ji an kira la'asar, na ji an idar, ba su fito ba.

Da likitan ya kira mu, ni da mijin, ya ce ƙurji ne, ya tara mugunya, kuma za su zuƙe ta da allura ba sai an tsaga ba. Na ce, ba daji ba ne? Ya ce abin da ya gani yau ƙurji ne. Ya ce daji sau da yawa ba ya farawa da zafi, shi ya sa ake sakaci da shi. Abin da ake tsoro shi ne ƙullutun da ba ya tafiya, ko kan nono ya shige ciki, ko jini ya riƙa fita, ko fata ta canja. Amma tun da uwarta ta yi, ba zai sallame mu haka kawai ba. Ta shanye maganin da zai rubuta har ƙarshe, a dawo a sake zuƙewa idan ya sake taruwa, sannan bayan mako shida a dawo ya tabbatar ba abin da ya rage a wurin.

Ina riƙe da hannunta aka zuƙe. Ban kalli abin da ya fito ba. Bayan nan malamar ta karɓi yaron daga bayana ta sa mata shi a nonon hagu, a gabana, a gaban mijin, ta gyara masa baki ya kama da kyau. Jikata ta sunkuyar da kai don kunya. Malamar ta ce, "Ɗago ki dube shi, ɗanki ne. Mama, a yi mata afuwar kunyar nan haka." Na ce na yafe.

Zazzaɓin ya sauka a kwana biyu. Sau ɗaya muka koma aka sake zuƙewa. Amma mako shidan nan ban ji daɗinsu ba. Jan ya tafi, zafin ya tafi, sai wani ɗan tauri kamar ƙwayar gyaɗa ya tsaya a wurin. Kullum da safe wajen wanka sai na taɓa shi, ita kuma tana kallon fuskata don ta karanta abin da na ji. Na koyi daidaita fuska. Ta yi arba'in, dangin mijin suka zo ɗaukarta, na ce ba inda za ta sai likita ya gani. Suka ce Hajiya ta cika tsoro. Na ce e, na cika.

A cikin waɗannan kwanaki ne muka fara maganar uwarta, muna tsinke zogale a tsakar gida. Ta ce tun tana yarinya take lalube ƙirjinta a ɓoye, kuma ranar da ta ji taurin nan ta riga ta fara tunanin wa zai riƙe mata yaron. Na ce me ya sa ba ta gaya mini ba. Ta ce, "Ke ma ai ba ki taɓa gaya mini naki tsoron ba, tsohuwa."

Ranar da muka koma, likitan ya duba, ya sake yin hoto, ya ce wurin ya washe, ba komai. Ya ce ta riƙa duba kanta bayan kowace al'ada, ta kuma riƙa zuwa ana dubawa, kada ta jira sai ta ji zafi. Na fito na zauna a kan dakalin asibitin.

Nonon hagun bai koma kawo ruwa kamar da ba a wannan goyon. Yaron ya riƙa kama shi yana saki, daga baya ya ƙi shi gaba ɗaya, da na dama ta shayar da shi har yaye. Aminiyata ungozoma har yanzu tana gwajinta, na yi mata magana sau biyu, ta ce asibiti sun saye ni. Muna gaisawa, amma ta daina kirana idan ana haihuwa a unguwa. A gidana kuwa, daga jikokina har matan jikokina, mai jego tana ba ɗanta nono a duk lokacin da ya nema, ɗan fari ne ko na biyar, ko waye a ɗakin.